Yadda Ake Haɗa Tangaran Mara Oksijin Daga Ruwan Sinadari

Ku dubi wannan koren faifan da ake wasa bakin ƙarfe da shi, tartsatsi na tashi. Silikon kabaid ke nan. Shi ma tangaran ne, sai dai ba dangin tukunyar ƙasa ko farantin jeren amarya ba ne. Su waɗancan oksijin ne ya ɗaure ƙwayoyinsu. Wannan kuwa silikon ne da kabon zalla. Yana da ɗan'uwa, silikon naitiraid, wanda ake yin ƙwallayen boris da shi saboda yana jure zafi da guga.

Wani Ba'amurke, Edward Acheson, shi ya gano hanyar sarrafa silikon kabaid a 1891, kuma har gobe da ita ake aiki. A zuba yashi da gawayin man fetur a ƙaton tanderun lantarki, a ba su wuta sama da digiri 2,000, a fasa dunƙulen da ya fito, a niƙa. Idan faifan wasa ake so, wannan ya wadatar. Amma in ana neman gari mai laushin gaske, ko shafe marar kauri a jikin wani abu, ko tangaran mai ƙananan ƙofofi kamar soso, sai an sake dabara.

A nan sol-jel ta shigo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin awara ya ga makamancin abin: madarar waken suya tana ruwa tsululu, a zuba ruwan tsami, nan da nan ta kama jikinta. Ruwan farko mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi shi ne sol, abin da ya daskare kuma shi ne jel. Tun a 1846 wani Bafaranshe, Ebelmen, ya lura cewa wani ruwan sinadarin silikon da ya haɗa yana daskarewa da kansa idan ya sha laimar iska.

To ga inda gizo ke saƙar. Abin da ke ɗinke ƙwayoyin su zama jel, ruwa ne irin wanda muke sha, shi kuma ruwa da oksijin yake tafe. Duk silikon biyu da ya haɗa, sai ya bar oksijin a tsakaninsu. Mu kuma oksijin ɗin muke gudu.

Masana sun bi hanya biyu. Ta farko zagaye ce: a bar oksijin ya shiga, daga baya a kore shi. Ana yin jel ɗin silika, wato haɗin silikon da oksijin, daga wani ruwan sinadarin silikon da ake kira TEOS, a cuɗa shi da abu mai kabon tun yana ruwa, ko sukari ma yana yi. A busar, a gasa cikin iskar agon, wata iska da ba ta haɗuwa da sauran sinadarai. Kabon ya kwashe oksijin su fice a matsayin hayaƙi mai guba, silikon kabaid ya rage. Da yake an gauraya su tun a ruwa, kusan kowace ƙwayar silika tana manne da kabon ɗinta, don haka wuta wajen digiri 1,500 ta isa.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, domin ita ruwan ta kora gaba ɗaya. A madadinsa sai a sa amoniya, wadda ke barin naitirojin a gurbin da oksijin zai zauna. Idan aka haɗa ta da silikon tetrakulorayid, wani ruwan sinadari na silikon da kulorin, farin abu ne ke fitowa, wanda in an gasa shi ya zama silikon naitiraid. Kamfanin Ube na Japan da irin wannan hanya yake yin garinsa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, don haɗin yana zubar da tulin gishirin amoniyam kulorayid da sai an wanke, kuma abin da ake samu gari ne, bai kai jel ba.

A 1997 Ralf Riedel da abokin aikinsa Andreas Gabriel, a jami'ar fasaha ta Darmstadt da ke Jamus, suka fito da haɗin da ya yi jel na sosai ba ɗigon ruwa. Sun yi amfani da wani sinadari mai suna kabodayimaid, wato kabon ɗaya tsakanin naitirojin biyu, shi ya zama gadar da ke haɗa silikon da silikon. Suka ɗiga wani sinadari mai suna firidin don ya zaburar da aikin. Haɗin ya daskare, ya tsuke a hankali yana fitar da wani ruwan sinadari da ba a so, da aka gasa shi kuma aka samu tangaran na silikon, kabon da naitirojin.

Yanzu ku kalli wurin aikin. Akwati ne mai fuskar gilashi a rufe ruf, cike da iskar agon. Mai binciken yana waje, ya zura hannuwansa cikin dogayen safar roba da ke liƙe a jikin gilashin, da su yake buɗe kwalba yana awo. Ko cokali zai shigar, sai ya bi ta ƙaramin zaure an zuƙe iskarsa tukuna. Da a ce zai buɗe kwalbar silikon tetrakulorayid a fili, take za ta fara tuttuɗo farin hayaƙi mai ƙona hanci, laimar ɗakin kawai ta lalata ta.

Wannan ɗawainiya, da tsadar sinadaran, da yadda jel ke tsukewa ya tsage wajen bushewa, su suka sa yawancin aikin yake ɗakunan bincike har yanzu. Faifan da muka fara da shi daga tanderun Acheson ya fito.