Amsoshin Tambayoyinku: Ina Iyakar Zangon Rediyon Oba-Oba?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu huɗu muka ware a wannan mako, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato ƙaramin rediyon hannu na magana da juna wanda aka fi sani da oba-oba.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau. Ya ce tun lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumban 2021 yake tunanin samun hanyar da zai riƙa jin iyalinsa ko da babu sabis, har ya sayi oba-oba guda biyu waɗanda aka rubuta mil 35 a jikin kwalinsu, amma da ya gwada su a cikin gari ko kilomita biyu ba su kai ba. Tambayarsa ita ce, ko jabu aka sayar masa?

Malam, mai yiwuwa rediyonka lafiyarsa ƙalau, lambar da ke jikin kwalin ce ta yaudare ka. Mil 35 ya yi daidai da kilomita 56, kuma ana samun irin wannan nisa ne idan mutum ɗaya ya tsaya a kan tsauni, ɗayan kuma a kan wani tsaunin, babu gini, babu itace, babu tudu a tsakaninsu. Dalili shi ne, waɗannan rediyoyi suna aiki ne a zangunan watsa saƙon rediyo guda biyu da ake kira VHF da UHF, kuma saƙon da ke tafiya a waɗannan zanguna miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Ya bambanta da gajeren zango wanda muke kama tashoshin ƙasashen waje da shi, domin shi gajeren zango yakan tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomitoci. Na oba-oba kuwa idan ya tashi sama wucewa yake yi, idan kuma ya bi ƙasa sai lanƙwasar duniya ta tare shi.

Ga lissafin yadda abin yake. Mutumin da ke tsaye riƙe da rediyo daidai fuskarsa, wato kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, saƙonsa yana kai wa kusan kilomita 5 kafin doron ƙasa ya shiga tsakani. Idan abokin maganarsa ma a tsaye yake, sai a haɗa biyar da biyar, a sami kilomita 10, kuma wannan a fili ne fetal wanda ko kuka ɗaya babu. A aikace ba kasafai ake kai wa goman ba, saboda ƙasar kanta tana shanye wani kaso na saƙon da ke bin ta kusa-kusa. Abin da ya dace mutum ya sa rai da shi shi ne kilomita 3 zuwa 5 a filin karkara, kilomita ɗaya zuwa biyu a cikin gari, sannan ƙasa da haka idan dukkanku kuna cikin ɗakunan siminti da rodi da rufin kwano, ko kuna zaune a cikin mota. Domin a sami kilomita 56 ɗin da kwali ya yi alkawari, sai kowannenku ya hau wuri mai tsawon kusan mita 50. Ba ƙarya tsagwaronta kamfanin ya yi ba, amma a ganinmu gaskiyar da ba ta da amfani ga mai saye 'yar'uwar ƙarya ce.

Wasiƙa ta biyu daga Kano take, daga wani ɗan kasuwa da ke cewa yana da oba-oba samfurin Baofeng UV-5R mai ƙarfin wat 5, kuma wani mai shago ya ba shi shawarar ya canza zuwa mai wat 8 ko 10 domin zangonsa ya ninka. Yana son sanin ko ya kashe kuɗin.

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ƙarin ƙarfi yana taimakawa, amma ba yadda mai shago ya faɗa ba. Ko a sararin da babu wani shamaki, sai an ninka ƙarfin rediyo sau huɗu kafin nisan ya ninka sau biyu, a kusa da doron ƙasa kuwa abin da ake bukata yakan kai ninki goma sha shida. Saboda haka tashi daga wat 5 zuwa 8 ɗan ƙarin tsabtar murya zai ba ka a bakin iyakar zangonka, sannan ya riƙa cinye batir da sauri, ban da cewa yawancin rediyoyi masu araha ba sa fitar da ƙarfin da aka rubuta a jikinsu.

Abin da ke ƙara nisa da gaske shi ne tsawo. Duk lokacin da ka ninka tsawon wurin da eriyarka take sau huɗu, zangonka zai ninka sau biyu. Mutumin da ya hau saman bene mai tsawon mita 9 saƙonsa zai iya kai wa kusan kilomita 12 daga ɓangarensa kaɗai, wanda ya hau hasumiyar tankin ruwa mai mita 25 zai kai kusan 20, wanda kuma ya sami dutse mai mita 100 zai wuce 40. Tunda a Kano kake, gwaji mafi sauƙi shi ne ka bar ɗaya a hannun wani a gida, ka kira shi daga gindin Dutsen Dala, sannan ka hau sama ka sake kira, za ka ji bambancin da kunnenka. Wani abin da ke tabbatar da wannan magana shi ne, masu sha'awar rediyo sukan kama saƙon tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a kan megahaz 145.800 (megahaz shi ne ma'aunin mitar tashar rediyo) da irin wannan ƙaramin rediyo naka, alhali tashar tana can sama da nisan kimanin kilomita 400, domin babu komai tsakaninsu sai iska.

Bayan tsawo sai eriya. 'Yar guntuwar eriyar roba da ke zuwa da rediyon an gajarta ta ne don sauƙin sawa a aljihu, alhali tsawon da ya dace da megahaz 145 na VHF ya kai kusan santimita 50, na megahaz 435 na UHF kuma kusan santimita 17. Sayen doguwar eriya mai kyau, ko ɗaure wata a kan dogon ƙarfe a saman rufi a jawo wayarta zuwa ɗaki, ya fi sabon rediyo arha kuma ya fi shi tasiri. Ka riƙa riƙe rediyon a tsaye, eriya tana kallon sama, kada ka kwantar da shi kamar wayar salula, kada kuma ka yi magana yana rataye a ƙugunka, domin jikin mutum yana shanye saƙon. Game da zaɓin zango kuwa, UHF ya fi kurɗawa ta tagogi da lungunan gari, VHF kuma ya fi kyau a daji da gonaki.

Wata malamar makaranta ce ta rubuto wasiƙa ta uku daga Maiduguri. Ta ce bayan ambaliyar watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, matan unguwarsu sun yi shawarar tara kuɗi su sayi rediyo, kuma ta ga wani da ake tallarsa da cewa yana kai wa kilomita dubu biyar. Tana tambaya ko shi ya fi dacewa, da kuma yadda za su tsara amfani da shi.

Malama, wancan mai kilomita dubu biyar katin waya ake sa masa, kuma ta hanyar intanet ɗin kamfanonin waya yake aika murya. Siffarsa ce ta oba-oba, amma cikinsa wayar salula ce, saboda haka ranar da ruwa ya ci injin da ke ba turken sabis wuta, shi ma shiru zai yi. Abin da kuke bukata shi ne wanda ke magana kai tsaye daga rediyo zuwa rediyo. Idan ana son a haɗa gari guda, akwai na'urar da ake ɗorawa a kan hasumiya ko dutse, wadda ke karɓar saƙo a wata mitar rediyo ta sake watsa shi nan take a wata mitar, kuma da ita ƙaramin rediyo yakan kai kilomita 30 zuwa 50 ko fiye. Sai dai tana bukatar lasisi da wuta mai ɗorewa da mai kula da ita, don haka aikin ƙungiya ne ko hukuma.

Ga unguwa kuwa, tsari ya fi na'ura muhimmanci. Ku zaɓi gida mafi tsawo ya zama cibiya, ku amince da tasha ɗaya da wata ta ko-ta-kwana, ku rubuta su a takarda ku manna a bayan kowane rediyo. Tun ana zaman lafiya ku zagaya unguwar kuna kira, ku san lungun da murya ke kai wa da wanda ba ta kai wa, kuma ku maimaita gwajin da damina, saboda ɗanyen ganye da dogayen karan dawa suna rage zango, musamman na UHF, alhali hazon hunturu kusan ba ya taɓa shi. Magana ce ke cin batir, sauraro kaɗan yake ci, saboda haka idan wuta ta ɗauke ku sa lokaci, misali kowa ya kunna na minti goma bayan kowace sallah, a faɗi abin da ake ciki a taƙaice a kashe. Mai magana ya danna maɓallin ya ɗan dakata daƙiƙa ɗaya kafin ya fara, domin kalmar farko takan yanke.

Wasiƙa ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Maraɗi, yana tambaya ko doka ta yarda kowa ya riƙe oba-oba, kuma ko lambobin sirrin da ke cikinsa suna hana wasu ji.

A ƙasashen Turai an ware megahaz 446 ga jama'a ba tare da lasisi ba, bisa sharaɗin kada ƙarfin ya wuce rabin wat, Amurka ma tana da nata tsarin, amma izinin wata ƙasa ba ya aiki a wata. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da rabon mitoci, a Najeriya kuma hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya, kuma su ya kamata ka tuntuɓa kafin ka fara watsa murya. Rediyo irin UV-5R yana iya shiga megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa sama da 470, inda akwai mitocin hukumomi da megahaz 156.8 da jiragen ruwa ke neman agaji a kai, kuma kutsawa cikinsu laifi ne. A yankunan da ake fama da 'yan bindiga, ganin oba-oba a hannun farar hula yana iya jawo masa zargi a shingen bincike, don haka ya kyautu mai unguwa da jami'an tsaron yankin su san da shirinku tun farko.

Lambobin da ake kira na sirri kuwa ba sa ɓoye komai. Aikinsu kawai shi ne su hana rediyonka buɗe murya ga waɗanda ba su sa lamba irin taka ba, amma duk wanda ya kashe tasa lambar ya tsaya a kan mitarku zai ji ku tiryan-tiryan. Kada a faɗi inda aka ajiye kuɗi, ko gidan da babu maza a ciki, ko hanyar da za a bi da dare.

Sauran wasiƙun da suka iso kan cajin batir da hasken rana za mu ɗauke su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.