Ganye lafiya lau, dankali kuma ya lalace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga ɗakin gilashin da muke renon shuke-shuken gwaji a nan Holan nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar fanka. Bari in matso da kyamara kan tukwanen nan. Duka dankalin turawa ne, kuma duka an sa musu bairos ɗin da ake kira PVY, wanda Kenneth Smith ya fara bayaninsa a Ingila a 1931. Nau'in cutar ne ya bambanta.

Wannan na farko PVY-O ne, tsohon nau'i. Kun ga ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya yamutse, na ƙasa sun bushe suna reto a jikin kara. Ba ya ɓuya. Mai duba gona zai hango shi daga nesa ya tuge.

To ku dubi na biyu. Wallahi da a gonarka ka gan shi, cewa za ka yi bana an dace. Amma ga abin da muka tono a ƙarƙashin ɗan'uwansa: zobe-zobe masu ruwan ƙasa a fatar dankalin, sun fara kumbura sannan suka lotsa. Wa zai saya? Wannan shi ne NTN, a Hangari aka fara ganin ɓarnarsa a shekarun 1980. Ruwa biyu ne, haɗin O da wani nau'in, N, wanda ke kashe jijiyoyin ganyen taba. Akwai kuma nau'in Wilga da aka gano a Folan, shi ma sumumu yake a ganye.

Ni a ganina tuge-tugen nan da ido ya taimaka wa NTN da Wilga: an yi ta cire mai nuna kansa, masu ɓuya suka gaje gona. Ƙwarin darɓa ne ke yaɗa su, cikin daƙiƙoƙi, kafin maganin feshi ya kashe ƙwaron ya gama aikinsa. Shi ya sa masu noman iri a nan suke fesa mai a ganye, sannan hukumar NAK mai duba ingancin iri, da ke garin Emmeloord, ta gwada dankalin kansa a ɗakin bincike bayan girbi.

'Yan'uwa na Bokkos da Mangu, Nicola da kuke shukawa tana cikin irin da zoben nan ke kamawa sosai. In kun ga haka a abin da kuka ware don iri, kada ya koma gona.