Kafin ka biya kuɗin laftof, gwada zafinta

Juya kwamfutar, ka duba ƙasanta. Ta waɗannan ramukan take shaƙar iska, ta na gefe ko na baya kuma take fitar da zafi. Yawancin matsalar zafi tun ranar saye ake ɗauko ta.

Fara da harafin da ke ƙarshen lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. U na nufin mai cin wuta kaɗan, kusan wat 15. H yawanci wat 28 zuwa 45 ne, HX na Intel kuma 55, yana ma haura 100 idan aiki ya yi nauyi. Duk wutar da furosesa ya ci, zafi take komawa. To, in ka ga an cusa H cikin siririyar kwamfuta mai fanka ɗaya, fankar nan ba za ta huta ba. Mai rubutu da shiga intanet, U ya ishe shi. Mai tace bidiyo ko wasanni ya nemi mai kauri, mai fanka biyu da bututun jan ƙarfe masu kwashe zafi daga furosesa, biyu zuwa uku. MacBook Air kuwa tun daga mai furosesa M1 ta 2020 ba ta da fanka kwata-kwata. Shiru take aiki, amma in aikin ya yi nauyi ya daɗe, sai ta rage gudu.

Sai gwaji, musamman in ta hannu ce. Saka manhajar HWiNFO mai nuna zafi da gudun furosesa, ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ya yi minti 10 cur. Minti biyu ba ya nuna komai, don ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba. Kwamfutar da ba ta aikin komai takan tsaya tsakanin digiri 40 da 55. A cikin gwaji, 80 zuwa 90 ba abin damuwa ba ne. Amma in ta maƙale a 95 zuwa 100, gudun furosesa yana ta sauka, to tana rage ƙarfinta ne don kada ta ƙone.

Yanzu sa tafin hannu a bakin mafitar iska. Fanka na ihu amma iska kaɗan ke fita? Ƙura ce ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da siraran ƙarafan sanyaya. Iska na fita sosai amma ba ɗumi, alhali furosesa na tafasa? Man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, ko bututun ya mutu. Ƙura da mai gyaransu sauƙi ne, sai dai in za a hura ƙurar a riƙe fankar da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da kima.

Abu ɗaya ne ba a ciniki a kansa. In wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Ajiye ta, ko caji kada ka bari a jona mata.