Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Ziyarar Duba Abincin 'Yan Makaranta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishinan Ilimi, ranka ya daɗe, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, Dagaci da masu unguwanni, Malam Liman, shugaban kwamitin iyayen yara, iyayenmu mata masu girki, 'yan'uwana malamai, sai ku 'ya'yana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da iyaye da mutanen garin nan, ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya. Mun san yadda damina ta yi da ita, kuma duk da haka ba ka aiko wakili ba, ka taso da kanka. Allah ya saka da alheri.

Yabon gwani ya zama dole. Ina cikin aikin nan lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, aka ware wa kowane yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku Naira 70 a rana. Na ga abin da ya biyo baya da idona. Yaran da muka yi ta sallama a ƙofar gidajensu ba a ba mu ba, sai ga su da kansu, kowa da robarsa a hammata. Wasu ma har da ƙannensu a goye. Kafin nan, da an fita tara, wanda aka ba kuɗin tara ya nufi wurin mai awara, wanda ba a ba shi ba ya kama hanyar gida, kuma sai gobe. Da abinci ya zo, aji ya riƙa cika har a tashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaro mai jin yunwa ba ya gane baƙi da wasali. Mun kuma ga yadda benci ya koma wayam bayan dakatar da shirin a Janairun 2024. Don haka sake ɗora tukunya a makarantar nan abin godiya ne, kuma mun gode.

To, amma ranka ya daɗe, ka yi mini izini in faɗi abin da ke cikin tukunyar, don shi ne ya kawo ka.

A rubuce, jadawalinmu gwanin sha'awa ne: yau shinkafa da wake, gobe alale, jibi fate, ga ƙwai sau ɗaya a mako. A cikin roba kuwa labari ya sha bamban. Na tsaya a kan mai rabo ranar ƙwai, na ga ta sa zare ta raba guda ɗaya gida huɗu. Yarinyar da ta samu gefen da babu gwaiduwa ta juya shi, ta sake juyawa, ta ɗago ta ce, "Malam, nawa babu ja." Ban sami abin ce mata ba. Ranar fate kuwa sai ka tsoma ludayi ka yi ta lalube kafin ka ci karo da wake, manja ya zama ɗigo biyu yana yawo a sama.

Kada a ce iyayenmu masu girki ne suka gaza. Ga su nan zaune, tun asuba suke gaban murhu. An ɗaga kuɗin zuwa Naira 100 a 2022, sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kasuwa ta yi tashin gwauron zabo. Yau Naira 100 ba ta sayen ƙwai ɗaya a kasuwarmu, balle a yi maganar itace da mai da kuɗin mashin da zai kawo kula. Idan kuma kuɗinsu ya makara, bashi suke ci wurin mai shago, shi kuma mai ba da bashi ba ya auna maka daga buhun kirki. Daga nan ne wake mai ƙwari da shinkafa mai tsakuwa suke shigo mana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, don ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗin cewa gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Abin mamaki, maganin yana bayan katangar nan. Tun farko an tsara shirin ne don a riƙa sayen kayan daga manoman yankin. Muna noma wake da gero da gyaɗa da waken suya. Babu gidan da ba shi da zogale. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, ko kunun gyaɗa mai kauri da awara biyu, sun fi riƙe cikin yaro fiye da farar shinkafar da aka shafa wa miya, kuma suna ƙara masa jini. Roƙonmu a sayi kayan nan da kaka, lokacin da suke da araha, a ajiye su a wuri busasshe, a biya masu girki a kan kari, a kuma sake duba kuɗin kowane yaro daidai da kasuwar yau.

Akwai kuma ruwa. Famfon tuƙa-tuƙanmu ya lalace, buta ɗaya ke zagaya aji guda. Ko naman kaza aka dafa, idan da hannu mai datti za a ci, tsutsar ciki aka ciyar. Muna roƙon a gyara mana shi, a kuma dawo da rabon maganin tsutsa. 'Yan aji huɗu zuwa shida ma, da ke tsayawa a taga suna kallon ƙannensu, a tuna da su.

Ranka ya daɗe, in faɗa maka gaskiya, da labarin zuwanka ya iso, wasu sun ba da shawara a yi girki na musamman yau, a ƙara nama, a cika mai. Na ƙi, iyayenmu masu girki kuma suka goyi bayana. Abin da ke cikin kular can shi yaran nan suka ci makon jiya, shi za su ci makon gobe. Gani ya kori ji. Idan an rufe taro, muna roƙon ka taka zuwa gindin darbejiyar can inda ake rabo, a zuba maka ludayi ɗaya, irin na kowa. Wata ran kuma ka faɗo mana ba tare da sanarwa ba, ƙofarmu a buɗe take.

Allah ya ƙara wa mai girma Kwamishina lafiya, ya mai da ku gida lafiya. Yanzu zan miƙa wa Malam Liman ya yi mana addu'a, sannan 'yan aji uku su fito da waƙar maraba. Wassalamu alaikum.