Zaman Rukuni Ga Masu Larurar Tangal-tangal Ɗin Ɗabi'a

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Kusan kowace zuri'a tana da wadda ake cewa zuciya gare ta. Da safe kai ne rabin ranta, kafin la'asar ko sunanka ba ta son ji, kuma laifinka kawai ta turo saƙo a WhatsApp, ka karanta ba ka amsa ba. In matar aure ce, yaji ba ya ƙarewa. Wata har yankar hannunta take da reza, ta rufe da hijabi. Sai a ce taɓara ce, ko iskokai, ko an yi mata sammu. Maza ma suna fama da wannan larura, sai dai tasu ta fi ɓullowa ta shaye-shaye da rigima.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran ta Borderline Personality Disorder, BPD a taƙaice, wato larurar tangal-tangal ɗin ɗabi'a. Wani likita a Amurka, Adolph Stern, shi ya fara laƙaba mata suna a 1938, amma sai 1980 ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙasar. Alamominta 9 ne, kuma sai mutum ya haɗa 5 ake cewa yana da ita. Saboda haka don Allah kada wata ta koma gida yau ta liƙa wa kishiyarta. Wannan aikin asibiti ne, ga na ƙwaƙwalwa nan a Barnawa.

Babu ƙwayar da aka amince tana warkar da ita. Ana iya ba da magani don damuwa ko rashin barci, amma tushen ciwon yana cikin mu'amala, wato tsoron a guje ka da fushin da ke tashi kamar gobara. Abin da ya sa nake son zaman rukuni ke nan, wato a haɗa masu larurar a ɗaki ɗaya su tattauna tare da jagora. Idan daga ni sai mara lafiya a ofis, labarin rigimar kawai zan ji, shi ma ɓangare ɗaya. A rukuni kuwa a gabana za ta faru.

Na taɓa jagorantar wani zama inda wata baiwar Allah take magana, ta kusa da ita ta duba agogo. Shi ke nan, ta yi gum, ta ɗauki jakarta. Na ce, "'Yar'uwa, me kika gani?" Ta ce ai an gaji da ita, dama ta sani. Muka tambayi mai agogo, ashe ɗanta za ta ɗauko daga Islamiyya. Sai na ga hannun da ya damƙe jakar ya saki. Da a gida ne, wannan duba agogon zai iya jawo gabar wata 3. Mu a minti 10 muka warware shi, sauran kuma suna kallo, kowa tana ganin kanta.

Tsarin da ya fi shahara shi ne DBT, wato magani ta hanyar tattaunawa da koyar da dabaru, na masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton da ke Siyatil. Ta fitar da sakamakon gwajinta na farko a 1991, kuma a 2011 ta fito fili ta ce ita kanta an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana shekara 17. Rukuninta ya fi kama da aji: jagorori 2, zama sau ɗaya a mako na kimanin awa 2 da rabi, mako 24, galibi a maimaita a cika shekara. Ana koyon tattara hankali, da jure ƙunci, da sarrafa motsin rai, da iya zama da mutane, har da aikin gida. Dabara ɗaya da nake yawan koyarwa: in zuciya ta taso, a riƙe numfashi a tsoma fuska cikin ruwan sanyi kamar daƙiƙa 30, bugun zuciya zai sauka. Mai ciwon zuciya dai ya fara tambayar likita. A Landan kuma wasu masana biyu, Bateman da Fonagy, suna da nasu tsarin, na koyon fahimtar abin da ke ran wani kafin ka yanke masa hukunci.

Wata Hajiya ta rubuto a takarda tana tambaya, rufin asirin masu zuwa rukunin fa? Gaskiyarki, Hajiya, nan ne gizo ke saƙa. Kaduna babba ce, amma ki shiga ɗaki ki tarar da maƙwabciyarki ta Tudun Wada ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa ake tantance mutane ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa su, kowa ya ɗauki alkawarin abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ba a kuma bayyana yadda mutum ya ji wa kansa rauni a gaban sauran, don kada ya tayar wa wani da tsohon miki. Wannan sai a zaman mutum da likitansa. A ra'ayina, a nan wurinmu gara a raba maza da mata, domin kunya kaɗai ta isa ta rufe bakin kowa.

Su kuma iyaye masu tambaya ko ana samun sauƙi, wani bincike a Amurka ya bi mutum 290, bayan shekara 10 sama da 8 cikin 10 alamominsu sun lafa. Amma duk wanda ya ce zai kashe kansa, kada a ce barazana ce, kada kuma a jira ranar zama. A kai shi asibiti a ranar.

Na ji an kira salla. In mun dawo sai mu ɗauki sauran tambayoyin, mu fara da na ɗaliban jinya.