Sharhi: Daga Ramukan Kuza Zuwa Teburin OPEC

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barkin Ladi ya san waɗannan kududdufai masu zurfi, ruwansu a kwance shiru, ga tsibin jar ƙasa a gefe, yara suna kiwon awaki a bakinsu. Ramukan kuza ne, ragowar arzikin da ya sa tun a 1929 aka samar da lantarki daga ruwan Kurra domin injinan haƙa, lokacin da akasarin garuruwan ƙasar nan ba su san komai ba sai fitilar aci-bal-bal.

A wannan ƙasa ta Filato marigayi Dakta Rilwanu Lukman ya goge. Haifaffen Zariya ne, a 1938, ya karanci injiniyancin haƙar ma'adinai a Landan, kuma ya shafe kusan shekara goma yana shugabantar Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa a nan Jos kafin a naɗa shi ministan ma'adinai, lantarki da ƙarafa a 1984. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Shekara guda bayan haka aka damƙa masa ma'aikatar man fetur, a daidai lokacin da farashin ganga ya faɗo zuwa wajen dala 10, saboda Saudiyya ta gaji da rage haƙo ita kaɗai ta buɗe famfo.

A ganinmu, wannan haɗuwa ta lokuta biyu ita ce makarantarsa ta gaskiya. Mutumin da ya ga yadda ma'adini yake ciyar da gari sannan ya juya masa baya, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa ba ya tsare al'umma sai da tsari: nawa za a haƙo, da wa za a yi yarjejeniya, me za a ajiye don ranar da kasuwa ta faɗi. Ƙasashen OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, sun gane darajarsa, suka yi ta zaɓensa shugaban taronsu a ƙarshen shekarun 1980, sannan ya riƙe muƙamin babban sakatare daga 1995 zuwa 2000.

Abin takaicin yana gida. Kwamitin da ya jagoranta a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ya tsara ƙudirin gyaran harkar mai da aka miƙa wa Majalisar Tarayya a 2008, wanda ya nemi a raba mai sa ido da mai yin kasuwanci, a daina barin NNPC tana wasa kuma tana alƙalanci. Ƙudirin ya yi ta kai-komo a Abuja, majalisa tana tashi wata tana zama, har Lukman ya rasu a birnin Viyana a 2014. Sai a watan Agusta na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabon fasalin ƙudirin, ya zama doka. Cikin waɗannan shekaru 13, ƙasa mai fitar da ɗanyen mai ta ci gaba da sayo tataccen fetur daga waje, matatar Kaduna tana aiki yau gobe ta tsaya, 'yan bumburutu kuwa suna jere da galan-galan a bakin titi.

Yanzu hankali ya koma kan lithiyam, ma'adinin da ake haɗa batura da shi, a Nasarawa, makwabciyarmu, kuma tuni manyan motoci suka fara jigilar duwatsun. Ramukan da ake haƙawa a can sun fara kama da na Bukuru.