Kafin alhazai su sauka, a gwada rauta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku dubi teburin nan: kwamfuta ɗaya, katin sadarwa mai baki biyu, sai rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, wadda za mu kai wani masaukin alhazai a Aziziyya, can Makka.

A jikin kwalinta an rubuta gigabit 10, wato yawan bayanan da aka ce tana iya wucewa da su a sakan guda. Ni kam na daina yarda da kwali. Wata shekara na ɗaura irinta ba gwaji. Bayan Isha'i alhazai suka dawo daga Harami, kowa ya kira gida ta WhatsApp, murya ta riƙa yankewa. Wata dattijuwa ta miƙo min wayarta ta ce, "Ɗan nan, ba na jin jikokina." Har yau abin yana raina.

Ga inda gizo ke saƙa. Rauta kamar mai tsaron ƙofa take, kai take ƙirgawa, ba ruwanta da nauyin kaya. Bayanai a gutsure suke tafiya, kowane gutsure ana ce masa fakiti, ana auna girmansa da bayit. Idan fakiti manya ne, masu bayit 1518, wajen dubu 812 ne za su cika layin a sakan guda. Idan ƙanana ne, masu bayit 64, sai sun kai miliyan 14.88, kowanne kuma sai ta duba adireshinsa cikin nanosakan 67 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Kiran murya kuwa ƙananan fakiti yake turowa.

Shi ya sa muke mayar da kwamfutar nan injin da zai ƙirƙiro cunkoson da gangan. Manhajar da za ta yi aikin ita ce TRex ta kamfanin Cisco, kyauta, an gina ta a kan DPDK, wata manhaja mai hanzarta sarrafa fakiti. Hanyar da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ya saba bi da fakiti tana da tsaye-tsaye, sai DPDK ya karɓe katin ya riƙa leƙa shi ba hutawa. Kun ji fanka ta ɗauki ƙara? Kada ku damu, aikin ke nan.

Da farko ku haɗa bakin katin biyu da waya ɗaya, ku tabbatar injin da kansa yana cika layin. Sannan ku sa rauta a tsakiya.

Ƙa'idar gwada na'urorin sadarwa mai suna RFC 2544 ta 1999 muke bi: kowane girman fakiti a ba shi aƙalla sakan 60, in ko ɗaya ya ɓace a rage gudu a sake. Don Allah kada ku jona injin nan a layin da mutane ke amfani da shi, zai toshe musu komai.

To, bismillah. Mu fara da bayit 64, ku sa ido a kan lambar da ke nuna waɗanda suka ɓace.